Ranar da Na Fassara Sunan Karen Kawu

Har yau in na shiga kasuwar Shagari ba na bin layin masu goro. Ta bayan masu dabbobi nake zagayawa, ko da hanyar ta fi nisa. Akwai wani benci a layin da wani tsoho ya saba zama duk ranar kasuwa. Yanzu ba ya zama, kuma ni na jawo.

Ni a cikin Sakkwato nake. Gyaran waya nake yi a wani ɗan shago, ina kuma ɗaukar bidiyo ina sawa a shafina, kokawa ce, mai shayi ne da ke zuba shayi daga sama, duk dai abin da mutane za su tsaya su kalla. Wata rana babu ciniki, ina ta latse-latse, sai na ci karo da gasar karnuka ta wata ƙasa. An taje wa kare gashi, mai shi na riƙe da igiya yana wani ɗan gudu-gudu, ga mai makirfo yana bin su yana tambayar kowa labarin karensa. Na ce a raina, mu ma ai muna da karnuka. Namu ma zomo suke kamawa, waɗannan kuwa ko ƙadangare ba za su iya ba.

Nan take na tuna Kawu. Yayan mahaifiyata ne, yana Horo Birni, noma yake da kiwon tumaki, in an gama girbi kuma sai farauta. Yana da wani jan kare dogo mai tsinin baki, kunne ɗaya a tsage. Sunansa Ka-gani.

Na san inda sunan ya samo asali, Inna, mahaifiyata, ce ta ba ni labari wata rana tana tankaɗe. Kawu yana da amini a Danchadi, tun suna samari tare suke shiga daji. Ina sakandare lokacin da aka yi wata farauta ta haɗin gwiwa, mutanen Horo Birni da na Danchadi. Karen da Kawu ke da shi a lokacin ya kama gada, sai wani karen Danchadi ya zo ya kama ƙafar baya. A dokarsu, wanda karensa ya fara kamawa shi ke da nama, in an yi gardama kuma sai a tambayi wanda ya fi kusa. Aminin Kawu ne ya fi kusa. Aka tambaye shi a gaban kowa, ya ce, "Ban gani ba." Gada ta tafi Danchadi. Kawu bai yi faɗa ba. Da ya samu sabon kwikwiyo sai ya sa masa Ka-gani. Daga nan zumunci ya tsaya. In sun haɗu a jana'iza ko suna, sannu sannu, kowa ya kama gabansa.

Ni dai labarin dariya ya ba ni. Na ajiye shi a kaina kamar yadda nake ajiye duk abin da zai yi daɗi a bidiyo.

Na hau mota na je Horo Birni na sami Kawu yana ba tumaki harawa. Na zayyana masa komai, har na nuna masa bidiyon. Ya kalla da ido ɗaya.

"Wanga kare na ko tunkiya?"

"Kare ne, Kawu. Gasa suke yi. Mu ma ita za mu yi."

"Kare dai kare na, ɗana. Mi za a diba gare shi? In kana son ka san kare, biyo mu daji."

Na ce ai ba mu kaɗai ba ne, har na yi magana da 'yan farautar Danchadi, sun ce za su zo. Hannunsa ya tsaya a cikin harawar.

"Su wa da wa?"

Na buɗe waya na karanto masa. Da na zo kan amininsa bai ɗago ba. Ya ci gaba da warware harawar da ta riga ta warware. Can ya ce, "Wace rana ta?"

Na dawo gida ina murna. A tunanina so yake ya kayar da mutumin a gaban jama'a. Har na fara tsara abin da zan rubuta a ƙarƙashin bidiyon.

Shirin ya ci mini kusan wata guda. Sarkin dawa, wato shugaban 'yan farautar yankin, ya yarda zai yi alƙalanci, bayan ya gama yi mini dariya. Liman ya ce karen farauta da na gadi babu laifi a ajiye su, amma a yi nesa da masallaci da rijiya, kuma a watse kafin azahar. Aka ba mu filin ƙwallo na bayan garin Shagari. Wani abokina mai shagon hatsi ya ba da buhun dusa da tocila biyu a matsayin kyauta. Na aro lasifika a wajen masu kiɗan biki.

Rajista kuwa ta saƙon murya muka yi, tunda yawancinsu ba sa rubutun boko. Kowa ya samu wayar wani a garinsu, ya faɗi garinsa da sunan karensa, a turo mini. Ni kuma ina shago, janareta na ƙara, wani na tsaye a kaina yana cewa wayarsa ba ta caji, ina saurare da kunne ɗaya ina rubutawa. Sunaye iri-iri: Bar-su, Ba-ruwanka, Sai-sun-gaji. Na aminin Kawu karya ce, na ji kamar an ce Nagari, na rubuta Nagari, na wuce na gaba. Lambobi ma yadda saƙonni suka shigo na bayar. Kawu bakwai, amininsa takwas.

Ranar Asabar da hantsi fili ya cika fiye da yadda na zata. Karnuka goma sha huɗu, mutane kuwa har kan katangar makaranta. Na sa sabuwar shadda, na rataya makirfo, ina jin kaina.

Zagayen farko na kyau ne, kuma tun daga nan abin ya fara karkacewa. Na zo da sabulu da bokiti na ce a ɗan wanke su. Wani ɗan Danchadi ya ce shi kansa bai yi wanka da sabulu mai ƙamshi irin wannan ba, ba zai ɓata shi a kan kare ba, ya sa a aljihu. Sarkin dawa ya zagaya yana ɗaga leɓen karnuka yana duba haƙora, ya ce wanda ya fi tabo shi ya fi kyau. A zagayen gudu mun ɗaure fatar zomo a bayan babur. Karnuka uku suka bi babur, sauran suka bi wata kaza ta gaske da ta ratso filin. Mutane suna ta faɗuwa don dariya, abokina na ɗauka da wayata, ni kuma ina ta zuba a lasifika. Duk abin da na faɗa sai a yi dariya. Ban taɓa jin daɗin bakina irin na ranar ba.

Dattawa suna kan tabarma ɗaya a gindin bishiyar dogon yaro. Sarkin dawa a tsakiya, Kawu a wannan gefe, amininsa a wancan. Siririn tsoho ne mai farin gemu kaɗan a haɓa, karyarsa baƙa tana kwance a ƙafarsa. A lokacin ban lura ba, sai daga baya a bidiyo na gani: Kawu ya fasa goro, ya ci rabi, ya ajiye rabin a kan tabarma, ya ɗan tura shi can gefen. Tsohon bai ɗauka ba, amma ya matso da hannunsa kusa.

Zagaye na uku shi ne jin kira. A riƙe kare a wancan gola, mai shi ya tsaya a wannan, ya kira sunansa da ƙarfi, a ga wanda zai zo kai tsaye. Shida suka yi. Na kira lamba bakwai.

Kawu ya tashi ya tsaya a layi. Maimakon ya kira suna sai ya yi fito. Kare ya taso.

Na ce a lasifika, "A'a, a'a, Kawu! Doka ta ce suna za a kira. A mayar da kare!"

Ya juyo ya kalle ni. Aka mayar da kare. Ya kira sunan a hankali, yadda ko na kusa da shi da ƙyar ya ji. Karen dai ya ji, ya zo da gudu ya zauna a gabansa. Aka yi tafi. Da a nan na tsaya, da shi ke nan.

Sai na tuna mai makirfon can na bidiyo. Na ƙarasa na kai masa makirfo baki.

"Kawu, jama'a na son su ji. Mi ya sa ka sa mishi Ka-gani?"

"Suna na kawai."

"Haba Kawu, ba ya rasa dalili."

"Na ce maka suna na."

Wani saurayi daga kan katanga ya yi ihu, "Mi ya gani, Baba?" Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ɗebe ni. Na juya na fuskanci jama'a na ce, tunda Kawu kunya yake ji, ni zan ba ku labari. Na ba da shi tas, da gadar, da karnuka biyu, da tambayar da aka yi. Har na canza murya na yi irin ta tsofaffi na ce, "Ban gani ba!" Sannan na nuna tabarma da hannu na ce, ga ma mai maganar can zaune, yau dai ai ya gani.

Samarin kan katanga suka yi dariya. Su kaɗai. A tabarma ko tari babu. 'Yan farautar da ke tsaye duk suka sunkuyar da kai, har da namu na Horo Birni.

Sarkin dawa ya ce, ba da ƙarfi ba, "Kashe abin ga."

Ban kashe ba. Na ɗauka in na yi sauri na wuce gaba abin zai bi ruwa. Na duba takardar rajista na ce, "To, lamba takwas! Nagari daga Danchadi!"

Tsohon ya riga ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi, ya kama igiyar karyarsa. Bai kalli kowa ba. Ya bi gefen fili ya fita, mutanen Danchadi suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya da karnukansu. Na sake cewa "Nagari!" a lasifika, kamar wani zai amsa. Rabin goron nan yana nan a kan tabarma.

Kawu ya zo wucewa ta gabana. Ya tsaya.

"Wa ya aike ka?"

Na sauke makirfon. Ya ci gaba.

"Shekara nawa ina kiran karen ga gaban mutane. Ka taɓa jin wanda ya tambaye ni?"

Ya wuce. Buhun dusa da tocila suna nan inda aka ajiye su, babu wanda ya taɓa.

Abin da na yi bayan nan shi na fi jin nauyin faɗa. A mota, kan hanyar komawa Sakkwato, na kalli bidiyon na ga wurin da na canza murya ya fito da kyau. Na ce wa kaina tsofaffi ne, fushinsu na kwana biyu ne. Na yanko wurin na sa a shafina. Kafin mu wuce Bodinga mutane sun fara turawa.

Washegari da safe Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Ni na ba ka labarin nan, ko?"

"Eh, Inna."

"A ɗaki na ba ka, ko a kasuwa?"



Ta ce kowa a garuruwan nan ya san abin da sunan ke nufi, tun ranar da aka sa shi. Shi ma mutumin ya sani. Ana sa wa kare irin wannan suna ne don kada a kai ga faɗa da baki. Wanda aka yi dominsa ya ji, ya haɗiye, sauran mutane su yi kamar ba su gane ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ba a tambaya, ba a fassarawa. "Kai kuma ka ɗauki lasifika ka ce wa dattijo maƙaryaci a gaban gari biyu, da bakin yayana."

Na goge bidiyon a gabanta. Amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. A satin nan na ji cewa tsohon ya je kasuwar Shagari ya zauna a bencinsa, wasu samari suka wuce, ɗaya ya tambayi ɗaya ko ya ga canjinsa, ɗayan ya ce "Ban gani ba" da irin muryar da na yi. Tsohon ya tashi bai sayi goron ba.

Bayan kamar kwana goma wayata ta cika, na zauna a shago da rana ina goge tsoffin saƙonni. Na zo kan na rajistar. Ban san abin da ya sa na sa abin kunne na buɗe na aminin Kawu ba. Ba wani ne ya yi magana a madadinsa ba, shi ne da kansa. Ya yi sallama, ya faɗi garinsu, sannan ya ce:

"Sunanta Na-gani. Ka rubuta da kyau, ɗana. Na-gani. In an zo wurin kira, ni za ni kira ta da kaina."

Na mayar baya na sake ji. Sau huɗu. Babu wani Nagari. Na zare abin kunnen na zauna ina kallon bango, wani na miƙo mini waya ta taga ina ganinsa ban karɓa ba.

Ashe abin da ya kawo shi ke nan. Ya yi kiwon karya, ya sa mata wannan suna, yana jiran ranar da zai tsaya a gaban Kawu da mutanen gari biyu ya ɗaga murya ya ce na gani, ba tare da kowa ya ce ya ba da haƙuri ba. Saura lamba ɗaya.

Na rufe shago na ɗauki babur ɗin maƙwabcina na tafi Horo Birni. Kawu na zaune a zaure yana gyaran igiya. Ya amsa sallama bai ce in zauna ba. Na durƙusa na kunna masa.

Ya saurara. Ya ce, "Sake."

Na sake. Ya ajiye igiyar.

"Ka san karen wa ya kama ƙahwar gadar nan?"

"A'a, Kawu."

"Na surukinshi na. Uban matatai. Yana tsaye nan wurin anka tambaye shi. Mi kake so ya ce?" Ya goge fuska da tafin hannu. "Na sani tun ran nan. Zuciya ce dai. Surukin ya rasu bara."

Wannan ɓangaren Inna ba ta ba ni ba, ko ta ba ni ban riƙe ba don ba shi da daɗin bidiyo.

Ya shiga gida ya fito da hula da babbar riga. Ka-gani ya taso yana kaɗa wutsiya zai bi mu. Kawu ya sa aka ɗaure shi.

"Ya zauna gida. Yau ba ni son abin da za ya sa in kira shi."

Muka hau babur muka isa Danchadi. A gidan tsohon aka ce yana fadama. Muka same shi cikin albasa, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Baƙar karyar tana kwance a inuwar mangwaro. Ya gan mu tun daga nesa, ya ci gaba da aikinsa sai da ruwa ya cika kwamin albasar, sannan ya fito.

Suka gaisa. Gida, iyali, tumaki, albasa, zafi. Gaisuwar ta yi tsawo, babu wanda ya kalli idon wani. Ni ina durƙushe a gefe cikin laka da wandona na birni. Da suka gama na ce, "Baba, na zo ne in ba da haƙuri. Na yi kuskure."

Ya dube ni karo na farko.

"Kai na mai lasihika?"

"Ni ne, Baba."

"Abin da ka hwaɗa ma duniya, ka gani, ko labari anka ba ka?"

"Labari aka ba ni."

"To ni ina wurin."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya zai koma cikin albasa. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na kalli Kawu.

Kawu bai kalle ni ba. Ya tsuguna a bakin kwami, ya miƙa hannu wajen inuwar mangwaro, ya kaɗa yatsu, ya ɗaga murya yadda ya ƙi ɗagawa a filin ƙwallo.

"Na-gani! Na-gani!"

Tsohon ya tsaya cak, fartanya a hannu, bayansa gare mu. Karyar ta ɗago kai, ta kalli Kawu, ta kalli maigidanta, ta mayar da kai ta kwanta.

Sannan tsohon ya ce, bai juyo ba, "Ba ta zuwa wurin baƙo."

"Haka na gani."

"Sai ka riƙa zuwa. Ta saba."

Kawu ya cire takalmi ya naɗe rigarsa ya shiga cikin albasar. Ya karɓi fartanyar ya ce ai ba haka ake tare ruwa ba, tsohon ya ce wanda bai taɓa noman rani ba ne zai koya masa? Ni aka ce in je in jira a wajen babur. Na jira har la'asar.

Yanzu Kawu yana zuwa Danchadi, bana ma tare suka shiga daji. Karensa kuwa tun daga ranar, fito kawai yake yi masa. Amma tsohon bai koma bencinsa na kasuwar Shagari ba, aike yake yi a sayo masa goro, don har yanzu akwai masu bidiyon a waya, kuma samari ba su manta muryar da na yi ba. Na je gaishe shi sau uku. Yana amsawa, yana sa a kawo mini ruwa. Bai taɓa tambayar sunana ba. In zai yi maganata da Kawu, ina zaune a wurin, sai ya ce, "Wanga mai lasihika naka, ya ci abinci?"